Stewart: aikin da ya zama suna

A arewa da Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da tafkuna da tsananin sanyi. Da faransanci ana ce mata Ekos, da ingilishi kuwa Sikotilan. Cikin sunayen da aka fi ji a can akwai Stewart. Da farko dai ba sunan mutum ba ne, sunan aiki ne.

Kakannin wannan gida baƙi ne. Daga garin Dol suka fito, cikin jihar Biretanyi, a ƙasar Faransa ta yau. Suka ƙetare teku, suka zauna Ingila. Wajen shekara ta 1136, wani daga cikinsu, Walter ɗan Alan, ya kama aiki wurin Dauda na farko, sarkin Ekos. Sarki ya naɗa shi sarkin gida, mai lura da dukiyar fada da haraji. A harshensu, mai wannan aiki shi ne steward. Sarautar ta zama ta gado, har jikan Walter ya mai da ita sunan gidansu, kamar yadda a nan ake kiran mutum Ma'aji ko Galadima don kakansa ya riƙe sarautar.

A 1315, sarkin gida na shida ya auri Marjori, ɗiyar sarki Robert Burus. Ɗansu Robert ya hau gadon sarauta a 1371. Jikan masu riƙon makullin taska ya zama mai taska! Zuri'arsa ta yi mulki fiye da shekara 300, kuma daga 1603 ta haɗa da Ingila.

A zamanin da, jarumi yakan rufe jikinsa da sulke, fuskarsa da kwalkwali. Yaya za a gane shi a fagen fama? Sai a dubi zanen garkuwarsa. Garkuwar Stewart launin zinariya gare ta. A tsakiya an gitta mata ɗamara mai gida-gida, shuɗi da fari, kamar gidajen dara. An ce wannan ɗamara tana nuna mayafin tebur mai gida-gida da ake ƙirga kuɗin sarki a kansa. Idan haka ne, ko bayan sun sami mulki ba su ɓoye aikin kakanninsu ba. Amma ku lura: a Ekos, tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk mai sunan ba. Akwai alƙali na musamman, Lord Lyon, mai ba da izinin amfani da shi.

Wani lokaci za ku ga an rubuta Stuart. Buɗe ƙamus ɗinku na faransanci, ku duba harafin W: kalmominsa ba su da yawa. Shi ya sa Faransawa suka sauya rubutun sunan. Sarauniya Mari, wadda aka kai Faransa a 1548 tana da shekara 5, da wannan rubutu ta koma gida a 1561.

Daga baya sunan ya bazu a duniya. Tun daga 1609 aka riƙa kai mutanen Ekos arewacin Irlanda su yi noma, jikokinsu da yawa suka wuce Amurka. A 1746 magoya bayan gidan Stuart suka sha kashi a yaƙin Kuloden. Bayan haka masu ƙasa suka dinga korar talakawa daga gonakinsu don su kiwata tumaki. Jiragen ruwa suka kwashe su zuwa Kanada da Ostaraliya da Niyuzilan. Ba duka ne jinin sarauta ba: da yawa sun sami sunan don kakansu ya yi wa wani basarake aikin sarkin gida.

Wani ɗan Ekos, John McDouall Stuart, ya ratsa Ostaraliya bisa doki, daga kudu har tekun arewa, a 1862. Hanyar mota da ke bin sawunsa cikin hamada ta fi kilomita 2700, kuma sunansa aka sa mata.