Zubin Aikatau a Ingilishin Yau da Kullum da Yadda Ya Kamata a Koyar da Shi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa sanin ma'anar kalmar Ingilishi bai isa ya sa mutum ya iya amfani da ita ba, sai ya san irin kalmomin da take yarda su biyo bayanta, da yadda suke jeruwa. Wannan jeri shi za mu kira zubi. An taƙaita bayani a kan aikatau, domin a nan ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Ɗalibin kwalejin horon malamai kuwa malamin gobe ne, kuskuren da ya fita da shi yara masu yawa ne za su gada.

2.0 Tarihin Nazarin Zubi

Malaman da suka koyar da baƙin harshe su suka fara lura da wannan al'amari. A 1933 Harold Palmer, wanda ke aiki a Japan, ya fitar da rahoto a kan kalmomin Ingilishi masu tafiya tare. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya kasa aikatan Ingilishi zuwa zubi 25, ya sa su a ƙamusun da aka buga a Tokyo a 1942, ya kuma faɗaɗa bayaninsu a wani littafi a 1954. Da kwamfuta ta samu, sai John Sinclair da jama'arsa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi na magana da rubutu, suka gina ƙamusun COBUILD na 1987 a kansu. Daga wannan aiki ne Susan Hunston da Gill Francis suka nuna a 2000 cewa kalmomin da suka yi tarayya a zubi sukan yi kusa a ma'ana.

3.0 Ire-iren Zubi

Alamar tauraro a gaban jimla tana nufin daidaitaccen Ingilishi bai yarda da ita ba.

3.1 Aikatau da karɓau

Bahaushe yakan ce "jira ni", "saurare ni", "dube ni", ba tare da wata kalma ta shiga tsakanin aikatau da karɓau ba. Takwarorinsu na Ingilishi kuwa kowanne da 'yar kalmar da yake jingina da ita:

1. Wait for me. *Wait me.
2. Listen to the radio. *Listen the radio.

Akwai kuma akasin haka. Mukan ce "mun tattauna a kan batun", ko "ya shiga cikin ɗaki", sai ɗalibi ya nemo abin da zai maye gurbin "a kan" da "cikin", alhali Ingilishi ba ya bukatarsu:

3. We discussed the matter. *We discussed about the matter.
4. He entered the room. *He entered inside the room.

Abin lura shi ne "talk" da "discuss" kusan ma'anarsu ɗaya, amma na farko sai da "about", na biyu kuwa ba ya ɗaukarta. Ke nan ma'ana kaɗai ba ta yanke hukunci.

3.2 Aikatau mai bin aikatau

Idan aikatau biyu suka jeru, na farkon ne yake zaɓar siffar na biyu. Wani yana son "to", wani yana son ɗafin "-ing":

5. I want to read. *I want reading.
6. I enjoy reading. *I enjoy to read.

A nan ne ra'ayin Hunston da Francis yake da amfani. Aikatau masu hangen abin da bai auku ba, irin su want, hope, plan, decide da promise, duk "to" suke ɗauka. Wasu kuma suna karɓar zubi biyu, amma ma'ana ta sauya:

7. He stopped smoking. Ya daina shan taba.
8. He stopped to smoke. Ya tsaya don ya sha taba.
9. I remembered to lock the door. Ban manta ba, na kulle ƙofa.
10. I remembered locking the door. Na tuna lokacin da na kulle ƙofa.

Jimla ta 7 da ta 8 sun isa shaida. Wanda ya musanya su a gaban likita ya faɗi kishiyar abin da yake nufi.

3.3 Aikatau mai karɓau biyu

A Hausa, "wa" ko "ma" tana shiga bayan aikatau da yawa don nuna wanda aka yi wa aikin: gaya mini, bayyana mini, saya mini. Ingilishi ya ƙayyade masu wannan dama:

11. Tell me the answer. *Say me the answer.
12. Explain it to me. *Explain me it.

Wata matsalar ta samo tushe ne daga azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Hausa takan riƙe saiwa ɗaya ta sauya ƙarshenta: saya da sayar, koya da koyar, "na ari keke" da "ya ara mini keke". Ingilishi kuwa kalmomi biyu yake da su a kowane wuri: buy da sell, learn da teach, borrow da lend. Wannan na daga cikin dalilan da ake jin *"borrow me your pen", domin a kunnen ɗalibi aro ɗaya ne, ko daga wane ɓangare aka dube shi.

4.0 Shawarwari

Na farko, kada malami ya rubuta aikatau shi kaɗai a allo. Ya rubuta "listen to something", "enjoy doing something", don ɗalibi ya haddace kalma tare da zubinta. Na biyu, a riƙa tara aikatau masu zubi ɗaya da ma'ana makusanciya a darasi guda, maimakon bin jerin abacada. Na uku, a jera jimlar Hausa da ta Ingilishi a gaban ɗalibi ya ga inda suka rabu, domin yawancin kurakuran nan ba na rashin fahimta ba ne, ƙa'idar harshen uwa ce aka yi aiki da ita a inda ba ta da hurumi. Na huɗu, a koya masa karanta misalan da ƙamus yake bayarwa, ba ma'ana kaɗai ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kowane aikatau na Ingilishi yana da zubinsa, kuma zubi yana iya sauya ma'ana. Gaskiya ne wasu daga cikin jimlolin da aka sa wa tauraro sun zama ruwan dare a bakin masu Ingilishi a Nijeriya, kuma ana fahimtarsu. Sai dai har yanzu daidaitaccen Ingilishi ne ma'aunin jarrabawa da rubutun hukuma, saboda haka haƙƙin ɗalibi ne a nuna masa bambancin. Ana fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa nazarin zuwa zubin suna da na sifa, waɗanda wannan takarda ba ta taɓo ba.