Kafin a Kunna Fitila a Ɗakin Shuka

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango a Ƙofar Mata cikin birnin Kano, unguwar da duniya ta sani da karofi, inda tun 1498 ake tsoma zane a baba. Sai dai yau ba rini ya kawo mu ba, maganar wutar lantarki ce.

Tsadar kayan miya ta koya wa mutanen birni noma a inda babu gona. Iyayenmu mata sun rungumi noman buhu a tsakar gida, ga alayyahu ga tumatir a jikin katanga. Wasu matasa kuma sun ƙara gaba, sun ware ɗaki guda, sun jera kanta hawa-hawa, suna renon irin tumatir da attaruhu da latas kafin dashe, ko su jiƙa masara ta tsiro a faranti, cikin mako guda ta zama ɗanyar ciyawa ta ragon layya. Abin a yaba ne ƙwarai. Amma ɗakin nan yana son fitila, yana son fanka, wani lokacin har da ɗan injin tura ruwa, kuma duk a jikin wayarin ɗin gida za su rataya.

To wane irin wayarin ne a gidajenmu na cikin ganuwa? Da yawa an ja shi ne tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, lokacin da buƙatar gida ba ta wuce ƙwan fitila uku da rediyo da fanka ba. Iyali suka ƙaru, aka yanka ɗaki a zaure, aka ɗora bene, kowane sabon ɗaki aka ɗano masa wuta daga na kusa da shi. Wanda ya ɗaga silin ya leƙa zai ga haɗi a kan haɗi, an murɗa da hannu an naɗe da baƙin salatif, wani wurin ma da leda. NEPA ta zama PHCN, a 2013 KEDCO ta karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma wayar da ke cikin azara tana nan yadda kaka ya bar ta.

Bari mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Soket ɗin bango mai baki uku an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Fitilun LED goma masu wat 40 sun kama wat 400. Fanka kamar wat 70. Injin ruwa mai ƙarfin rabin doki wajen wat 370. Duka bai kai wat 900 ba, sai mutum ya ce ai da sauran wuri. Amma a duba abu biyu. Na farko, inji idan zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci yana tafiya. Na biyu, kayan nan ba kamar dutsen guga ba ne da za a kunna minti ashirin a kashe. Awa goma sha biyu, sha huɗu, suna ci ba hutu, kuma duk inda haɗi ya yi sako-sako, a nan zafi yake taruwa. Daga nan sai amarya ta jona hitar ruwa a layin, ita kaɗai wat 1,500 ko fiye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farar ekstenshin ɗin nan mai baki huɗu ko shida da ake tallarta a baro. A kwance ɗaya a gani. Wayar cikinta siririya ce, wata ma idan aka kankare ta da wuƙa sai jan ya tafi, fari ya bayyana, ashe alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ita ake shimfiɗawa a ƙasa, ƙarƙashin kanta, daidai inda ruwan ban-shuka yake ɗiga. Masu sauraro, duk wanda ya taɓa fulogi ya ji shi da ɗumi, ko ya ga bakin soket ya yi ruwan ƙasa, ko ya ji ƙaurin roba, ya kashe nan take. Waya ce take faɗa masa ta gaji.

Gyaran ba boyayye ba ne, masu sana'ar sun san shi. Ɗakin shuka a ja masa layinsa shi kaɗai, tun daga akwatin rabon wuta, da bureka tasa mai amfiya 16 ko 20. Wayar soket ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tsantsar jan ƙarfe, mai 1.5 ta fitilar silin ce, kada a yarda a yi arha da ita. Muna da kamfanonin waya a ƙasar nan, irin su Nocaco a Kaduna da Cutix a Nnewi, kuma mai saye a kasuwar Sabon Gari ya duba tambarin hukumar SON, ya sa a kankare masa bakin wayar a gabansa. Soket kuma a yi su da yawa, kowane kaya da nasa, a kafa su sama da inda ruwa yake kaiwa, masu murfi. Igiyar da ta fito daga fitila ko inji a bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

Ginin ƙasa yana da nasa hukunci. Katangar tubali tana shan laima da damina, gara tana bin azara, ɓera yana son robar waya. Don haka a sa waya cikin bututun roba a bi da shi saman bango inda ido yake gani, ya fi a binne ta a manta.

Akwai wata na'ura da nake roƙon kowa ya tambayi mai wayarin ɗinsa a kanta, ana kiranta RCD. Bureka ta gama-gari waya take karewa daga ƙonewa, ba ta san mutum ba. Ita kuwa RCD tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar miliamfiya 30 ta ɓace, wataƙila ta bi ta jikin yaron da ya shigo ba takalmi ya dafa kantar ƙarfe, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci-lokaci. Sannan waya ta uku, ta ƙasa, wadda da yawa ake barinta a naɗe a bayan soket ba a haɗa ta da komai ba, dole ta tafi har sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma kantar ƙarfen ma a haɗa ta da ita. Ƙasar Kano tana bushewa ƙayau da rani, saboda haka a sa a auna haɗin sandar da ƙasa, kada a wadatu da gani.

Wa zai yi aikin? Ba yaron maƙwabta da ya iya canza ƙwan fitila ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Tambayar takardar nan ba raini ba ne. Idan akwai janareta ko sola, a sa makunnin sauya layi na gaskiya, don kada wutar gida ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. Janareta kuwa waje, nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Ni a ganina ma, kafin duk wannan, mai niyya ya tambayi kansa ko yana buƙatar fitilun. Noman cikin ɗaki da fitila ya yi ƙarfi ne a ƙasashe irin su Holan, inda rana take ƙaranci da hunturu. Mu nan rana ce ta yi mana yawa, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A ya wuce naira 200 kowane yunit, fitilun nan na wat 400, idan suka yi awa 14, sun ci yunit 5.6, sama da naira dubu ɗaya kullum. Ga kuma ɗaukewa: a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a duhu. Rumfar raga a tsakar gida ko saman bene, da fanka da ɗan famfo mai aiki da sola, sau da yawa sun wadatar.

Wanda kuma ya ga lallai sai ɗaki, ya tuna inda yake zaune. A lungunan Ƙofar Mata katangarka ita ce ta maƙwabcinka, wani lungun babur biyu ba sa giftawa, balle motar kashe gobara. Ya ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, kada a watsa wa wutar lantarki ruwa. Ya nuna wa uwargida da manyan yara inda babban makunnin gida yake, ya tabbatar hannunsu yana kaiwa, kuma ba a jibge kaya a gabansa ba.