Sayar da Hajar Wani Ma Sana'a Ce

Duk ranar da kasuwar Sara ta ci, ko ta Babaldu, riɗi da gero da shinkafa da dabbobi suna fita, atamfa da taki da maganin feshi da wayoyin hannu suna shigowa. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, da yawa daga masu ɗaga murya suna kiran mai saye ba su ne masu kayan ba. Wani yaron shago ne, wani dillali ne mai jiran la'ada, wani kuma wakilin kamfani ne da ya ɗauro katan-katan a bayan babur. Kayan na wani ne, bakin nasu ne, kuma da bakin nan suke ci, su yi sutura, har su yi aure.

A gefe guda ga samarinmu masu difloma da digiri, zaune a majalisa suna jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata a Dutse ko a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Ka ce wa ɗayansu ya shiga kasuwa, zai ce maka, "Ina jarin?" Tambayar ba ta banza ba ce, amma ta gwama abu biyu. Mallakar haja daban, iya sayar da ita daban. Na farko kuɗi yake so. Na biyu ƙafa yake so, da baki, da riƙon amana, kuma masu kuɗin ido rufe suke neman mai su. Manzon Allah (SAW) kansa, kafin a aiko shi, dukiyar Nana Khadija ya kai fatauci Sham.

Mutanen Birnin Kudu suna alfahari da cewa Aliko Ɗangote ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta garin, kuma ana yawan ba yara labarin yadda yake sayen kwalin alewa yana sayarwa tun yana firamare. To, amma a riƙa cika labarin. Da ya tashi fara kasuwanci a 1977, rance mai kauri ya samu daga danginsa na gidan Ɗantata. Ɗan manomi a Gwaram ba shi da irin wannan gata. Wanda ya fi dacewa ya duba shi ne kakan mahaifiyar Alikon, Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji da ya tashi maraya, ya yi almajiranci, ya bi hanyar Gwanja yana fataucin goro. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanin Turawa na Niger Company ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa a 1918. Turawan suna da kuɗi, amma ba su san manoma ba, manoma ma ba su san su ba. Shi ya san kowa, kuma an yarda da shi. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Ƙofar shiga har gobe ita ce zama ƙarƙashin ubangida. Haka manya da yawa na Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano suka fara: share shago, sauke kaya, aike. Wanda ya iya zama a nan yake koyon inda ake sari, da yadda ake karɓar tayi, da lokacin da ake cewa "albarka" da lokacin da ake cewa "na sallama". Sai dai kafin ka zauna, a yi magana a gaban shaidu, a rubuta. Albashi ne, ko kamasho a kan abin da ka sayar, ko sallama da jari bayan shekaru kaza? Kunyar tambaya ranar farko ita ke haifar da ƙara gaban mai unguwa bayan an yi shekaru.

Sannan ka san hajarka. Ɗauki maganin feshi. Manomi zai shigo ya ce a ba shi maganin ciyawa, ya miƙa kuɗi. Akwai wanda ke ƙone duk wani koren abu da ya taɓa, ana fesa shi kafin shuka. Akwai wanda ke zaɓen ciyawa ya bar amfani. Yaron da bai tambayi me aka shuka ba, kuma ya tsiro ko bai tsiro ba, zai iya ƙone wa bawan Allah shinkafarsa a yini ɗaya. Kafin sati ya zagayo ƙauyen gaba ɗaya ya ji sunan shagon. Wanda kuwa ya zaunar da manomin, ya karanta masa abin da ke jikin kwalbar, ya nuna masa ma'aunin da zai zuba a tankin feshi, baɗi manomin da maƙwabtansa zai dawo. A nan ne mai takardar makaranta ya fi wanda ba shi da ita, in ya sauke girman kai.

Kuɗin yankin nan kuma kakar amfani yake bi. Da kaka aljihu cike, a sayi babur, a yi rufin kwano, a haɗa kayan ɗaki. Da damina ana bukatar taki ga shi babu kuɗi. Ma'aikata sai ƙarshen wata.

Daga nan bashi yake shigowa, kuma shi ya fi komai kashe ƙananan masu sayarwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuma za ka yi ciniki a garinku ka ce ba ka bayarwa ba. Amma yi lissafi. A ce ribarka a katan ɗaya naira 300 ce, katan ɗin kuma na naira 12,000 ne. Mutum ɗaya ya karɓi katan ya ɓace, sai ka sayar da wasu 40 kafin ka cike gurbin, kuma kuɗin ba naka ba ne. Saboda haka littafi dole ne: suna, kaya, rana, da ranar biya. Wanda bai sauke na baya ba kada a ɗora masa sabo, ko da ɗan gwaggonka ne. In ya matsa, ka ce, "Wallahi, Baba, kayan Alhaji ne, ba ni da iko." Gaskiya ka faɗa, zumunci kuma bai ɓaci ba. Kada ka taɓa uwar kuɗi don biki ko suna. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tura kuɗi ta waya, don haka kada kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka, ba a fuskar wayar mai saye ba. Tun cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, kuɗin mota zuwa Kano shi ma ya zama abin sakawa cikin farashi.

Mata sun riga maza sanin wannan sana'a. Dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da turare ta san wa zai aurar da 'ya bayan salla tun kafin a sa rana. Yau matar aure tana ɗakinta tana ɗora hoton kaya a WhatsApp, a aiko a karɓa. Wannan ya fi a ɗora wa yarinya farantin talla lokacin da 'yan'uwanta suke aji.

A yi hattara da masu zuwa da sunan kamfani suna cewa ka biya kuɗin rajista, ka kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu. In kuɗin daga shigo da mutane yake fitowa ba daga sayar da kaya ba, ba aikin sayarwa ba ne.

Ku kuma Alhazai masu shaguna a Birnin Kudu da Gwaram da Sara, yaron da ya yi muku shekaru bai taɓa ɗaukar ko sisi ba, ku cika masa alkawari. Ku sallame shi da jari, ku kai shi wurin waɗanda kuke sari a Kano, ku ce, "Yarona ne, a ba shi kaya."