Mintuna ukun farko: Yadda fina-finan ɗar-ɗar ke kama mai kallo tun daga buɗewa

A shagunan tura fina-finai a waya da ke Gwarzo da Kabo, a yammacin jihar Kano, mai saye ba ya da lokacin dogon nazari. Sau da yawa mintunan farko kawai zai leƙa kafin ya ce a tura masa ko a bari. Haka ma wanda ya buɗe YouTube da ɗan data kaɗan: idan farkon fim bai riƙe shi ba, sai ya wuce na gaba. Ga masu shirya fim a Kano, waɗanda da yawansu suka koma dogaro da masu kallo a intanet bayan durƙushewar kasuwar faifan CD, waɗannan mintuna su ne cinikin.

To mene ne ke sa buɗewar fim ta hana mutum ajiye waya?

A sanar da mai kallo abin da jarumi bai sani ba

Daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya taɓa bambance razana da zaman ɗar-ɗar da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci kawai. Amma idan an nuna masa bam ɗin tun farko, mutane kuma na hira a kansa ba su sani ba, kowace kalma sai ta zama abin fargaba.

Fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles, wanda ya fito a 1958, da haka ya buɗe. An ga wani ya saka bam a bayan mota, kyamara kuma ta bi motar cikin gari fiye da minti uku ba tare da an yanke hoto ba. Babu wanda zai kau da ido.

A ɓoye abin tsoron

A Jaws na Steven Spielberg, na 1975, an buɗe da wata budurwa tana iyo a teku da dare. Ba a nuna kifin da ya kai mata hari ba, sai ruwa da kiɗan John Williams. Zuciyar mai kallo ce ta zana dodon da kanta.

A fara da tambaya

Masu son fina-finan Indiya, waɗanda ake fassarawa da Hausa, sun san Drishyam na 2015. An fara da Ajay Devgn zaune a ofishin 'yan sanda, sannan aka koma baya. Me mutumin kirki irin wannan yake yi a nan? Amsar ce ke jan mai kallo har ƙarshe.

Dabarar ba baƙuwa ba ce

A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita. Aikin buɗewar fim ke nan: a hana mai niyyar tafiya tashi. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Kwana Casa'in na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun nuna cewa mai kallon Hausa zai jira mako guda cur idan an bar masa tambaya mai nauyi.

Sai dai buɗewa alkawari ce. Fim ɗin da ya fara da doguwar jerin sunaye da godiya yana iya rasa mai kallo kafin labari ya soma. Wanda kuma ya fara da gawa ko ƙarar bindiga, ya kasa bayanin su daga baya, ya ci amanar wanda ya kashe kuɗinsa. Irin wannan mai kallo, a Gwarzo yake ko a Kabo, da wuya ya nemi kashi na biyu.