Harshe da Alama a Takardar Ƙuri'a

A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 jam'iyyu biyu kaɗai suka kara, wato SDP da NRC. A na 2019 kuwa 'yan takara 73 ne suka tsaya, kuma ƙuri'un da suka lalace sun haura miliyan ɗaya. Dalilan haka suna da yawa, amma tsarin takardar ƙuri'ar yana cikinsu.

Takardar ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, sai alamar jam'iyya da taƙaitaccen sunanta na Ingilishi. Ga wanda bai yi boko ba, APC da ADC da ADP duk kanwar ja ce. Alama kaɗai yake karantawa, tsintsiya ko lema, kamar yadda magabatansa suka san NEPU da tauraro, NPC da fartanya. Idan jam'iyyu suka yi yawa, gurabe kan matse, tawadar dangwale ta tsallaka gurbin maƙwabci, ƙuri'a ta lalace.

Soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020 ya rage cunkoson, domin 'yan takara 18 suka tsaya a 2023. Abin da ya rage shi ne a tabbatar kowace alama tana da suna guda sananne a harshen mai zaɓe, wanda bai yi kama da na wata ba. Wannan aiki ne na masana harsunan Nijeriya.