Baƙunci a Duwatsun Gbagyi

Wanda ya shigo Abuja ta hanyar Kaduna, Dutsen Zuma ne ke fara yi masa maraba daf da Madalla, tun bai taka Birnin Tarayya ba, don shi dutsen a Jihar Neja yake. Yawancinmu nan yawon yake ƙarewa: a tsaya bakin titi, a ɗauki hoto, a ce ga na jikin naira 100, a wuce. Alhali a gindin duwatsun nan akwai mutanen da suka riga birnin zama, kuma su ya kamata a je wa.

Kafin a ɗaura takalmi, a fara gyara baki. Mu Hausawa Gwari muke ce musu. Tumatur da tattasai mun ce kayan gwari, wanda Hausarsa ba ta nuna ba mu ce yana gwaranci. Su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma baƙon da ya faɗi sunan daidai zai ga fuska ta saki tun kafin a shimfiɗa masa tabarma.

A da bisa duwatsu suke kafa gari saboda mahara, gonakinsu na ƙasa. Da ƙasa ta lafa suka riƙa saukowa. Sai ga dokar Janar Murtala ta 1976 da ta mai da yankin babban birni, aka tashi wasu ƙauyuka, kamar mutanen Wuse da aka kai Sabon Wuse. Saboda haka zancen fili a nan miki ne, kada baƙo ya fama shi da wasa. Idan dutse za ka hau, fara zuwa ƙofar mai gari ka yi gaisuwa, ka nemi ɗan rakiya. Galibinsu Musulmi ne da Kirista a yau, amma akwai kogo da kurmin da har yanzu ba kowa ke shiga ba, kuma babu allon da zai gaya maka.

Abin da ido zai fara kamawa shi ne yadda mata ke ɗaukar kaya. Ba a ka ba, a kafaɗa, daf da ƙeya, cikin babbar ƙwarya: itace, doya, har tulun ruwa. A wurinsu kai shi ne sarkin jiki, shi ke tunani, ba a ɗora masa wahala. Wata rana a hanyar Bwari na ga wata dattijuwa tana kokawa da ƙwaryar doya, na ce bari in yi abin kirki. Na cicciɓa na nufi kanta, ina waige-waigen gammo. Ta kauce tana dariya, ta ɗan rusuna, ta nuna min kafaɗa.

"Ɗana, nan ne wurinsa," in ji ta.

Ta miƙe ta kama hanya, ni kuwa ina tsaye ina haki.

Wurin da ya fi cancantar a ɓata yini shi ne Ushafa, kusa da Madatsar Ruwa ta Usuma wadda Abuja ke sha daga gare ta. Garin maginan tukwane ne, har shugaban Amurka Bill Clinton ya je a shekarar 2000. A ginin gargajiya tukunya ba ta juyawa, maginiya ce ke zagaya ta. Tana murza yumɓu kamar igiya, ta ɗora, ta shafe da yatsu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har tulu ya kai mata ƙugu. Sai ta zana masa ƙadangare ko kunama ko kifi. In ya bushe a gasa shi a fili da itace da ciyawa, a yayyafa masa makuba yana da zafi, ya yi duhu yana sheƙi. Da wannan hannun Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja, ga ta yau a bayan naira 20. In za a sayi tukunya a yi ciniki, amma wanda ya ga yadda ake zagayen nan zai ji kunyar tayin wulaƙanci. A nemi izini kafin hoto.

Lokaci kuma: daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, ko'ina kore shar, sai dai dutse na santsi, tsawa kuma ba ta wasa da wanda ke bisa. Ni Nuwamba na fi so, ruwa ya ɗauke, hazo bai rufe gari ba. A hau da sassafe, don da hantsi ya dubi ludayi dutsen ya zama tanda. Takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha, da kuɗi a hannu, tunda sabis na iya ɗaukewa. An sha samun satar mutane a wasu ƙauyukan gefen birni, don haka a tambayi mutanen gari halin hanya, a juyo kafin la'asar sakaliya.

A bar wuri a bayan mota. Doyar Gbagyi ba ta da na biyu wajen sakwara, kuma a bakin hanyar Gwagwalada zuwa Kwali za ka tarar an kasa ta tsibi-tsibi. Tukunyar dai a naɗe ta da tsumma, a riƙe ta a cinya.