Bazara ta kama: ina ake jin kiɗa na gaske a Kaduna?

Kai da ke Rafin Guza, ka san yadda bazara take. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya zaunuwa, in aka ɗauke wuta kowa sai ƙofar gida. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah ma a bazara take faɗowa, shi ya sa fastocin gala suke cika Facebook da TikTok.

Amma kafin ka sayi tikiti, tambayi kanka: me za ka je ji? A yawancin gala, DJ ne ke sakin waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo, mawaƙi yana bi da baki. Ko da waƙar Umar M. Shareef ce ko ta DJ AB, 'yan Kadunanmu, ai tana cikin wayarka.

Kiɗa na gaske yana gidan biki. Mai kalangu yana matsa tsarkiya a hammata, ganga ta kira sunanka har da na kakanka. Mata suna kifa ƙwarya a ruwa su buga amada, salon da Barmani Choge ta yi suna da shi kafin rasuwarta a 2013. Irin wannan kiɗa Rediyon Kaduna ya watsa tun zamanin Mamman Shata.

Yanzu masu biki sun fi ɗauko DJ, makaɗa kuwa suna rasa aiki. Don haka in ka ji kalangu a layinku, ƙarasa. Ka ɗauki bidiyo, ba laifi, amma ka yi liƙi tukuna. Da shi makaɗi ke cefane.